Cokalin da Aka Ƙwace wa Mai Ludayi

Mai Ludayi ba sunanta na gaskiya ba ne. 'Yan makarantar kwana ne suka laƙaba mata, can inda ta yi aikin girki tun tana da ƙarfinta har gwiwa ta fara yi mata ƙara. Ko ni da muke gidan haya ɗaya, ƙofarta na daf da tawa a hawa na biyu, ban taɓa kiranta da wani suna ba. In mai kawo takardar wuta ya karanta sunan da ke jiki, sai mun kalli juna kafin ta ce, "Au, ni ce."

Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa. Ba ta da yawan dariya, amma in ta yi, mai gadi yana ji daga ƙasa. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a kan hanya tun yaransu biyu suna ƙanana, Allah ya jiƙansa. Ba a jima ba ƙaramar ma ta bi uban, ko shekara biyu ba ta cika ba. Ya rage daga ita sai ɗanta namiji, kuma da ludayi ta rene shi. Ta sha ba ni labarin kicin ɗin makarantar: tukwanen da mutum zai zauna a ciki, tururin da ke sa bango gumi, da yadda take tsayawa a ƙofar ɗakin cin abinci har sai yaron ƙarshe ya tashi. Wanda ya rage abinci a kwano sai ta bi shi bakin famfo ta tambaye shi, ba shi da lafiya ne ko girkin ya raina.

"Gara ma ya ce ba shi da lafiya," in ji ta.

Abin alfaharinta hannunta ne. Ba ta neman tsumma in za ta sauke tukunya. Murfi yana huci za ta ɗaga da yatsu ta ajiye, sannan ta kalle ka ko ka gani. Na gani kuwa. Na kuma ga abin da ba ta so a gani: in allura ta faɗi, sai ta yi ta lalube, yatsun suna bi ta kanta ba ta ji ba. Wuta ta daɗe da cinye jin da ke bakin yatsunta. Ba kowace gaskiya ake gaya wa maƙwabci ba, balle wanda yake aiko maka da kwano a rufe.

Ɗan nata mai gyaran waya ne, yana da ɗan shago a babban titi, tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Mutum ne mai sanyin hali da yawan tunani, irin wanda in ya kulle ƙofa sai ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Matarsa tana koyarwa a firamare, duk gidan Malama muke ce mata. Tare suke zaune su uku, tukunya ɗaya, kuma tsohuwar ce mai girki. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, har mutane suka gaji da tambaya, sannan Allah ya kawo ɗa namiji. Mai Ludayi ta ce ita kam ta yi sabon miji. "Angona" take ce masa.

"Ki dubi mijin da aka ba ni," ta kan ce min, tana jijjiga shi. "Ba haƙori, ba gashi, ba ya cefane, sai dai ya jiƙa min zane."

Tun yaron bai fara cin komai ba uban ya fara tsoro. A wayarsa yake kallon yadda abinci ke maƙale wa jarirai a maƙogwaro, ya dawo gida fuskarsa ba daɗi. Ya cire maɓallan rigunan yaron. Ya hana shigowa da gyaɗa ɗakin. Ya ce inibi sai an tsattsaga shi. Har 'yar tsana ya sayo, yana nuna wa Malama yadda ake kifa yaro a hannu a bubbuga bayansa. Mai Ludayi tana daga ƙofar kicin tana tsaki.

"Na ciyar da yaran da in sun jeru ba ka ganin ƙarshensu. Yau da 'yar tsana za a koya min."

Da hutun Malama ya ƙare, yaron ya koma hannun kakarsa da rana. Aka bar mata ƙa'ida: madara, da abin da uwar ta niƙa ta zuba a roba, ban da komai. Ta ce to. Amma ango yana bin bakinta da ido in tana ci, yana miƙa hannu, ita kuwa ba ta iya ganin baki a buɗe ta ƙyale shi.

Ranar da abin ya faru ranar hutu ce, bayan la'asar. Muna zaune a barandar tsakiya inda ake shanya, ni da matar tela ta hawa na uku, ga mai gadi ya hawo karɓar kwanonsa. Mai Ludayi ta dafa kifi da dankali. Ta ɗora yaron a cinya, ta marmashe kifin da yatsu, ta bi shi ta sake bi, ta murƙushe da bayan cokali. Ya karɓi na farko yana kaɗa ƙafa. A na gaba sai ya tsaya. Fuskarsa ta rine, ya buɗe baki ba kuka, sai kakari. Daidai lokacin uban yana hawowa. Ban taɓa ganin mutum ya haye matakala haka ba. Ya fizge yaron, ya kifa shi a hannu, ya bubbuga. Yaron ya yi tari ya amayar, ga 'yar ƙaya siririya kamar gashi a cikin aman. Kuka ya ɓalle, muka yi hamdala.

Da a nan aka tsaya, da ba abin rubutawa. Mai Ludayi, cokalin yana hannunta, ta miƙa ɗaya hannun za ta taɓa yaron. Ɗan ya ba Malama shi, wadda ta fito da gudu ko ɗankwali babu, ya juyo ya zare cokalin daga hannun uwarsa.

"Inna, daga yau kada ki sake sa masa komai a baki. Ko ruwa."

"Kai, ƙaya ce ta kuɓuce min."

"Ko ruwa, Inna. Ɗaya ta tafi da cokali a bakinta ina kallo. Ba za a yi na biyu ba."

Matar tela ta sunkuyar da kai. Mai gadi ya juya ya sauka, kwanon da bai karɓa ba ke nan. Ni dai Mai Ludayi nake kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta goge yatsunta a zane ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji," ta ce. "Ko ruwa."

Ta ɗauki kwanon kifin ta shiga ɗaki.

Da aka koma aiki, ta karɓi yaron da safe kamar kullum. Ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ina jin su ta bango tana yi masa tsiya. Da hantsi ya ɗaga sai ta ƙwanƙwasa min. Na buɗe na gan ta da mayafi, yaron a goye, jaka a hannu.

"Raka ni, 'yar uwa. Gwiwar nan ba ta son jaka."

Shagon gyaran waya muka nufa. Wuri ne ƙarami, akwatin gilashi cike da wayoyin da aka cire wa baya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙarfen narka dalma yana ɗan hayaƙi. A kan teburin ga ƙananan sukurori kamar kan tururuwa, an ware na kowace waya daban. Mutane suna kan benci suna jira. Mai Ludayi ta yi sallama, ta kwance goyo, ta zaunar da yaron a kan teburin, a tsakiyar sukurorin. Uban ya miƙe a firgice ya share su gefe da hannu, na wannan waya suka gauraye da na waccan.

"Ga ɗanka, lokacin cinsa ya yi. Ga abinci, ga cokali."

"Inna, ina da mutane."

"Ai na gan su. Sannunku da jira, bayin Allah. Ku yi haƙuri, ni an hana ni. Ko ruwa."

Wani a kan benci ya ƙunshe dariya. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, yau kai ne da raino?"

Haka ya zauna ya ba yaron ayabar da aka niƙa, rabi a baki rabi a rigarsa. Uwar tana tsaye a kansa, hannu a baya.

"A hankali, Malam. Ka duba da kyau, ko akwai ƙaya a ayabar."

Na ɗauka na rana ɗaya ne, zuciya ta huce. Ashe somawa ce. Kullum sai ta je da hantsi, ta sake komawa bayan azahar. Mai aski ya ajiye mata kujera a ƙofarsa, yana kiranta Sufeto. Masu gaggawa suka fara kwashe wayoyinsu suna kaiwa wani shagon. Abu ɗaya zan shaide ta a kai: ba ta taɓa barin yaron ya yi kukan yunwa ba. Da zarar ya fara tsotsar hannu sai ta ɗaura goyo mu nufi shago. Uban take so ya ji a jikinsa, ba ango ba.

Da yamma ina jin ɗan yana lallashinta, don bangon namu ba ya riƙe magana.

"Inna, abin da Malama ta niƙa ai za ki iya ba shi. Ba haka nake nufi ba."

"Ka ce ko ruwa. A gaban mutane ka ce. Ban yi karatu ba, amma ina jin magana."

"Raina ne ya ɓaci."

"Nawa kuma dutse ne."

Ba ta tsaya nan ba. Girki ta shiga yi irin wanda tun da na zo gidan ban ga ta yi ba. Ƙamshin albasa da kifi yana sauka har ƙofar gida. Kwano ya je wa mai gadi, ya je gidan tela, ya zo mini. Har mai aski tana kai wa nasa, ta wuce ta gaban shagon ɗanta ta miƙa masa, ta ce ya ci da zafinsa. Malama ma tana kiranta.

"Ke ba ki yi min komai ba, 'yar nan. Zo ki ci."

Ɗan kuwa ko gutsure. Ranar farko da ya wanke hannu ya zauna, sai ta ja tukunyar gefe.

"A'a, Malam. Hannun da ya kashe 'ya ba ya ciyar da ɗa. Kada ka ƙware, a ce na uku."

Ya tashi ya fita. Malama takan dawo a gajiye ta ɗora masa wani abu da sauri, amma bakin da ya saba da hannu ɗaya tun yana yaro ba ya jin daɗin wani. Ya koma shayi da burodi a shago. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ita kuma baiwar Allah Malama ta zama kamar kaza tsakanin motoci biyu, in ta ci na surukarta ta ji kunyar miji, in ta ƙi ci ta ji tsoron tsohuwa.

Wata rana muna tsince shinkafa a ɗakina na ga ba zan iya yin shiru ba. Na ce, "'Yar uwa, ƙayar nan ba sakaci ba ne, na sani. Yatsun ne suka gaji. Wuta ta ci rabonta."

Ta ɗago ta kalle ni. Ta ture tiren, ta ɗauki kwanonta da ke wajena tun ban wanke ba, ta fita. Kwanaki ba abin da ke haɗa mu sai amsa sallama, ƙamshi kuma yana wuce ƙofata ya hau sama. Na ce na jawo wa kaina.

Da kanta ta dawo. Ta zauna a bakin gadona, yaron yana barci a bayanta. Ba ta ambaci yatsu ba, ni ma ban sake ba.

"Ƙyanda ce ta kashe ta," ta ce. "Ƙanwarsa. Ta yi kwanaki ba ta haɗiye komai ba. Ruwa nake ɗiga mata a leɓe da cokali, don kada ta tafi da ƙishi. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, bai fi tsawon kujerar nan ba. Ashe abin da ya gani ke nan ya ajiye. Shekara da shekaru yana cin abincina yana kallon hannuna. Kowace loma da na ba shi, ashe da zargi yake haɗiye ta."

"To ki gaya masa mana. Kalma ɗaya ce, ki sauke masa, ki sauke wa kanki."

"Zan gaya masa. Ba yanzu ba. Bai taɓa zama ya tambaye ni ba, sai ya tara mutane ya yanke min hukunci. Ya ɗauki kayan nan da kansa, bari ya ƙara ɗauka kaɗan. Kuma amana na ba ki."

Na tuna mata cewa Allah yana son mai yafiya, kuma bakin uwa ba abin wasa ba ne.

"Wa ya yi masa baki? Kowace sallah ina roƙa masa albarka. Abinci kawai na hana shi."

An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba a faɗi wanda zafin yake fara ƙonawa ba. Ni na ga abin da ɗanta bai gani ba. Ta daina cin abinci a gaban yaron, don yana miƙo hannu yana buɗe baki. In yunwa ta matsa mata sai ta juya bango ta ci da sauri kamar mai laifi. Wata rana a hanyar shago rana ta yi zafi, yaron yana lasar leɓe. Ta tsaya a inuwar wani gini, ta ciro robar ruwa daga jaka, ta riƙe ta ɗan lokaci, sannan ta miƙo min.

"Ba shi. Ba ke aka hana ba."

Na ba shi yana zuƙa, ita kuma tana kallon motoci.

Watanni suka shuɗe a haka. Yaron ya fara rarrafe, ya kama jikin kujera ya miƙe. Malama ce ta gaji. Ta samo gidan renon yara kusa da makarantarsu, ta ce da zarar an koma sabon zango can za ta riƙa kai shi, ta ɗauko shi in ta tashi. Ta faɗa wa surukarta cikin ladabi, a durƙushe, ta ce don gwiwar Inna ta huta ne.

"Ku kai shi," in ji Mai Ludayi. "Naku ne."

Hawa na biyu ya yi tsit da rana. Ba wanka, ba tsiya, ba tafiya shago. Na kan same ta zaune a baranda tana kallon ƙananan rigunan da ke kan igiya. Na zaci yanzu kam za ta sauko, tunda an raba ta da ango. Ƙara ɗaurewa ta yi. Ɗan ya shiga ɗakinta wata safiya ya ba ta haƙuri, daga shi sai ita, ta ƙi karɓa.

"Ba a ɗaki ka faɗa ba. A baranda ka faɗa, ga matar tela, ga mai gadi, ga maƙwabciyata. Inda aka zubar, nan ake kwashewa. Ka tara su, ka mayar min da cokalin a gabansu."

Ga mai kunya irinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya yi ta ja, yau ne gobe ne. Na ji Malama tana ce masa ta gaji da cin abinci a ɓoye kamar ɓarauniya a gidanta, kuma magana zarar bunu ce, wanda ya zara shi ke gyara rufi. Da ƙyar ya amince. Sai aka tarar mai gadi ya yi tafiya duba mahaifiyarsa, wani ne ke tsare ƙofa. Ɗan ya ce ai sauran suna nan. Matar tela ma ta sa baki, ta ce ita za ta ba mai gadi labari dalla-dalla in ya dawo.

"Da kunnensa ya ji waccan, da kunnensa zai ji wannan," in ji Mai Ludayi.

Na same ta na ce, "Yaron yana girma fa. Ba ya jiran mai gadi."

"Ina zai je? Mijina ne."

Mai gadi bai dawo da wuri ba, don mahaifiyar tasa ta daɗe tana jinya. Kafin ya dawo ango ya fara tafiya, haƙora sun cika masa gaba.

Aka taru a barandar, ranar hutu da yamma. Mai gadi ya tsaya daga bakin matakala yana murza hularsa, ya rasa inda zai sa ido. Mai Ludayi ta fito da sabon zane, ta zauna a kujera, kwanon shinkafa mai laushi a gefenta, wanda ta dafa tun rana. Ɗan ya durƙusa a gabanta, ya riƙe cokalin da hannu biyu.

"Inna, na yi kuskure. Na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uwarsa ba. Ki yafe min. Ki ba jikanki abinci."

Ba ta miƙa hannu nan take ba. Ta waiwaya wajen matakala.

"Mai gadi, kana ji daga nan, ko ya ɗaga murya?"

"Na ji, Inna. Wallahi na ji."

Sannan ta karɓi cokalin. Ta juya shi, ta goge shi a zane.

"Na yafe. Saura abu ɗaya, tunda kowa yana nan. Ƙanwarka ba ƙwarewa ta yi ba. Ƙyanda ce. Tun safe aka gaya min ba za ta kai dare ba. Ruwa nake ɗiga mata a leɓe. Abin da ka gani ke nan."

Ya ɗago ya kalle ta. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu. Kuka ya ƙwace masa.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ba zan ɓoye ba, na ga daɗin da ta ji. Fuskarta ta sake kamar ta wanda ya sauke tulu bayan doguwar hanya. Ta bar shi ya yi kukansa a gaban mutanen da ya tara, ba ta ce ya isa ba.

Sai ta juya wajen yaron, wanda ke riƙe da zanen uwarsa yana kallon ikon Allah.

"Zo nan, angona. Zo, an ɗage mana takunkumi."

Ya taho yana tangaɗi, ta ɗora shi a cinya. Ta ɗebo shinkafar, ta hura, ta kai bakinsa. Ya kawar da kai. Ta biyo shi ta ɗaya gefen, tana yi masa irin muryar da take yi masa a da. Ya datse baki, ya kama cokalin da hannu biyu yana ja.

"Haba, maigida. Ni ce fa."

"A'a," in ji yaron, sarai kamar babba.

Malama ta matso ta ce a hankali, "Inna, yanzu ba ya yarda a ba shi. A gidan renon aka koya musu ci da kansu. Ko ni ba ya karɓa."

Mai Ludayi ta sake gwadawa. Ya banƙare, ya fara shirin kuka. Ta saki cokalin. Ya zame daga cinyarta ya zauna a ƙasa gaban kwanon, ya luma cokalin a karkace, rabi ya zube a ƙirjinsa, rabi ya isa baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake lumawa. Muna ta kallonsa. Hannunta ya ɗan tashi kamar za ta tare abin da ke zuba, sai ta mayar da shi cinya.

"Ango ya sake ni ban sani ba," ta ce.

Matar tela ta fara dariya, ta ga ita kaɗai ce, ta yi shiru. Mai gadi ya yi sallama ya sauka.

Ta daɗe zaune tana kallon yaron yana ci. Can ta kalli ɗanta, wanda har lokacin yake ƙasa, wuyansa ya fito daga riga don rama.

"Malama, akwai saura a tukunya. Zuba wa mijinki."

Malama ta shiga ta zubo. Ya ci yana share ido, bai rage komai ba.

Haka ake har yau. Tukunya ta koma ɗaya, yana cin girkin uwarsa, amma Malama ce mai zubawa. In Malama ba ta dawo ba, sai ya jira, ko ya ɗauki kwano ya zuba da kansa, tsohuwar tana zaune tana kallo. Na taɓa tambayarta sai yaushe. Ta ce ba ta yanke ba tukuna.